Girkin Pongala a titunan Thiruvananthapuram

A wurin bautar Attukal da ke Thiruvananthapuram, babban birnin jihar Kerala a kudancin Indiya, mabiya addinin Hindu na yi wa gunkiyarsu Attukal Amma biki na kwana 10 tsakanin Fabrairu da Maris. Rana ta tara ita ce ta Pongala, wato girkin shinkafa mai zaƙi da ake miƙa wa gunkiyar, ta mata zalla. A 2009 kundin Guinness ya ƙiyasta mata miliyan 2.5 ne suka hura wuta a ranar. Ni hannu na sa wa maƙwabtana a wajen murhu, ibadar kuma tasu ce.

Wuri ake fara kamawa, tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, don murhu kan cika tituna har kilomitoci daga wurin bautar. Bulo uku ne murhun, makamashin kuwa busassun ganyen kwakwa, masu ci bal-bal su mutu nan da nan, saboda haka sai an tanadi dami mai yawa. Sabuwar tukunyar ƙasa ake ɗorawa. Wadda ba a jiƙa ta kwana cikin ruwa ba takan tsage da zarar wuta ta kama gindinta, na ga hakan a murhun da ke daura da namu.

Ba mai kunna ashana. Da hantsi limamin wurin zai hura babban murhu, a buga ganguna, mata su rangaɗa guɗa, sannan wutar ta riƙa bi daga murhu zuwa murhu.

Mun zuba rabin kilo na jar shinkafa wadda ba a yi wa gumi ba, da kusan rabin kilo na mazarƙwaila, kwakwa ɗaya gurzajjiya, ayaba da man shanu. Mazarƙwailar nan ita ke ɓata wa mutane girki. In aka zuba ta shinkafa ba ta nuna ba, ƙwayar za ta ƙanƙame, kuma duk wutar da za a ƙara ba za ta yi laushi ba. A narka ta daban, a tace tsakuwa, a jira shinkafa ta yi luguf. Ba a rage wuta in tukunya ta taso, don so ake kumfar ta yi ambaliya, ita ce alamar karɓuwa a wajensu.

Hayaƙi da rana sun fi girkin wahala, ga yawancin matan ba su karya ba sai tukunya ta tafasa. Kayan auduga kaɗai za a sa, domin yadin roba ba ya jure tartsatsi a wannan cunkoso. A ajiye bokitin ruwa kusa, a nisanci taransifoma.

Bayan azahar limamai kan bi layi suna yayyafa wa tukwane ruwan tsarkinsu, sai kowa ta ɗauki tata ta nufi gida. Bulon da aka bari hukumar birnin ke kwashewa don gina wa marasa galihu gidaje, shi ya sa ake roƙon kada a farfasa shi.