Libarbar da Kaka ya dawo da ita daga Boma: yadda muka yi da ita

A ƙasan adakar kakanmu muka sami libarbar, wato ƙaramar bindigar hannu, ranar da ake lissafin kayan gado, naɗe cikin tsohon rawani, tare da takardarsa ta sallama daga soja da lambobin yabo guda uku. Yana cikin dakarun Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kai Boma a Yaƙin Duniya na Biyu, runduna ta 82, wadda ta yi yaƙi a yankin Arakan ta shiga Myohaung a watan Janairun 1945. Ni aka damƙa wa alhakinta. Zan faɗi abin da na yi, da inda na yi kuskure, don gidajen 'yan Boma suna da yawa a Arewa.

Kafin komai, a ɗauka tana da harsashi a ciki. Na fitar da yara daga ɗakin, na juya bakinta ga bangon ƙasa mai kauri, yatsana nesa da kunama. Tamu ƙirar Enfield ce, samfurin No. 2 Mk I*, mai cin harsashi 6, tsawon bututunta inci 5. Irin wannan karyewa take yi daga sama: akwai ɗan maɓalli a gefen hagu da ake turawa gaba da babban yatsa, sai bututun da gangar harsashi su sunkuya ƙasa, wani ƙarfe mai siffar tauraro ya ɗago duk abin da ke cikin ramukan. A ƙirga ramukan da ido, shida cif, a ga haske ta kowanne. In maɓallin ya ƙi motsi saboda tsatsa, kada a buga shi da guduma, kada a sa shi kusa da wuta. A bar ta yadda take, a kulle, a jira mai ɗamara da ya san aikin.

Harsasai huɗu muka tarar a wani gwangwanin taba, sun yi kore. Waɗannan sun fi bindigar kanta ba ni tsoro. Albarushin da ya shekara 80 ba a san halinsa ba: yana iya ƙin tashi, yana iya jinkiri ya tashi daga baya, yana iya tura dalmar ta maƙale a tsakiyar bututu. Ba a jefa su a wuta, ba a zuba su a masai ko rijiya. A ware su dabam da bindigar, wuri mai sanyi, a miƙa su tare da ita. Wani ɗan uwa ya kawo shawarar a gwada harbi ɗaya a bayan gari, na ƙi. Ko da doka ta yarda, in ganga ba ta tsaya daidai da bakin bututu ba, ko maƙullin sama ya yi sako-sako, hannun mai harbin ne zai tafi.

Sai karanta jikinta, kuma a nan na yi ɓarnar da har yau take damuna. Na ga tsatsa a gefen dama, na sa samfefa na goge kamar faɗin babban yatsa. Tsatsar ta fita, amma rabin hoton kambin sarauta da ke wurin ya tafi da ita, kuma ba ya dawowa. A wannan gefen ne ake buga sunan masana'anta da samfuri da shekarar ƙira. Mafi yawansu daga Enfield suke, kusa da Landan, wasu kuma kamfanin motoci na Albion ne ya ƙera su a Sikotilan lokacin yaƙin. Akwai wata 'yar alama mai kama da sawun kaza, kibiya ce, tana nufin kayan gwamnatin Ingila ne. Lambar bindigar tana jikin gangar jiki da bututu da gangar harsashi. In duk sun zo ɗaya, ba a taɓa yi mata haɗe-haɗe ba. Gudumarta, wato ƙarfen baya da ke dukan harsashi, ba ta da ɗan kunnen da ake ja da yatsa. Da farko na zaci karyewa ya yi, ashe haka ake ƙera wannan samfurin, ma'anar tauraron da ke ƙarshen sunan ke nan.

Tsatsa iri biyu ce. Akwai ja mai gari-gari wadda take ci gaba da cin ƙarfe, akwai kuma launin ƙasa-ƙasa mai santsi da shekaru suka bari, wanda ba a taɓawa. Ga ja ɗin, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo biyu ko uku, a bari ya kwana, a share da tsumman auduga, a bi lungu-lungu da tsohon buroshin goge baki da tsinken sakace. Iyakarta ke nan. Ban da samfefa, ban da toka da soson ƙarfe, ban da ruwan batir. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su yi danƙo, baƙin mai kuma yana jan ƙura. Kada mai ya taɓa mariƙin idan na katako ne, yana sa shi ya yi laushi ya yi baƙi. A sa safar hannu, don gishirin gumi yana barin shatin yatsa a ƙarfe cikin 'yan kwanaki, musamman da damina. Kada a kwance ko noti ɗaya. Sukundireban kasuwa yana cinye kan tsofaffin notuna. Kubenta kuwa, na tamfol ne mai maɓallin tagulla, shi ne ya riƙe laimar da ta jawo tsatsar, don haka a raba su.

Bayan nan na ɗauki hoto 12 a hasken safe, a kan farin ƙyalle, da rula a gefe: ɓangarorin biyu, kowace alama daga kusa, lambar a duk wuraren da take, kuben, da takardar sallama shafi-shafi. Ban sa ko ɗaya a Facebook ko WhatsApp ba, kuma ina roƙon kowa ya kiyaye wannan.

Dalili shi ne doka. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin makaman da aka haramta, ba a riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Ba sahu ɗaya suke da bindigar farauta ko ta toka ba. Tsufanta ba ya fitar da ita daga jerin, gado ma ba ya halatta ta, kuma hukuncin mallakarta ba izini ɗauri ne na aƙalla shekara 10. Saboda haka malamin da ya raba mana gado bai yi mata kuɗi ba, ya ware ta gefe, tunda ba abin da za a sayar ba ne ko a ba wani magaji a matsayin kasonsa. Duk wanda ya zo da tayin saye, wai shi mai tara kayan tarihi ne, a sallame shi. A halin da Arewa take ciki, ba ka san hannun da za ta ƙare ba, lambarta kuma gidanku za ta nuna.

Kada a sa ta a aljihu ko a but ɗin mota a nufi caji ofis. In aka tsayar da kai a shingen bincike, ba ka da takardar da za ta nuna niyyarka. Mu lauya muka samu, ya rubuta wasiƙa zuwa ga DPO na yankinmu da kwafi ga Kwamishinan 'Yan Sanda, ya faɗi sunan mamaci da lambarsa ta soja, ranar da aka gano bindigar, samfurinta, lambarta da adadin harsasai, ya nemi a zo a karɓa. Mun sanar da mai unguwa, ya zauna a matsayin shaida. Kafin su zo, tana cikin adaka da kwaɗo biyu, mabuɗan a hannun mutum biyu. Ranar karɓa na tsaya sai da aka ba ni takardar shaida mai hatimi, na duba lambar da aka rubuta harafi-harafi da wadda ke hoto. Mun haɗa da roƙo a rubuce cewa in hukuma ta ga dama a kai ta gidan tarihi, irin na yaƙi da ke Umuahia, maimakon a narka ta. Wannan shawara tasu ce, ba tamu ba.

Abin da ya rage a gida shi ne takardar sallama, kube, da lambobin. Ɗaya ita ce Tauraron Boma, mai ƙyalle ja a tsakiya da ratsin shuɗi da ruwan lemo a gefe. Ingila ba ta buga sunan soja a bayan lambobin wannan yaƙin ba, don haka in aka raba su da takardar sallama, ba mai iya tabbatar da na waye. Kada a manne takardar da leda mai zafi, tana cin tawada. A sa ta tsakanin fararen takardu biyu a cikin fayil, a yi wa kowane gida na zuriyar kwafi. Na kuma zauna da gwaggonmu, 'yarsa ta fari, na naɗi muryarta na minti 40 tana faɗin abin da ta ji daga bakinsa game da jirgin ruwa zuwa Indiya, da dakon kaya a ka cikin dazuzzukan Arakan, da dawowarsu a 1946. Na rubuta sunayen wuraren yadda ta furta su, sannan na rubuta yadda suke a taswira a gefe.