Takardar da ban rubuta ba

Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin durowata, bayan shekara tara a sashen kwamitoci na majalisar dokokin jiharmu. Abokan aiki sun ce in bar wa yaran da aka ɗauka bana 'yar shawara. Duk ta inda na ɗauko zancen, sai ya maida ni 2023.

A watan Maris na shekarar Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya fitar da layin dogo daga jerin abubuwan da Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Daga ranar, jiha na iya kafa jirgin ƙasanta a cikin iyakarta. Kun tuna yadda zancen dogo ya cika gari a lokacin: jirgin Abuja zuwa Kaduna ya dawo aiki a Disambar 2022 bayan harin 28 ga Maris, ga aikin Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 da zai ratsa Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Da aka rantsar da sabuwar majalisa a watan Yuni, shugaban kwamitinmu ya ce yana son ƙudurin kafa hukumar jirgin ƙasa ta jiha, kuma ni aka ɗora wa rubutawa.

Wata biyu na yi a kansa. Na bi maganar filaye da diyyar manoman da dogo zai bi ta gonakinsu, da yadda layin jiha zai haɗu da tashar Tarayya, da wanda zai tsayar da kuɗin tikiti, da tanadin masu buƙata ta musamman. A duk shekarun nan ban yi aikin da na so kamarsa ba.

Sai Honorabul ya dawo daga mazaɓa da kunne cike da kuka. Mutane na sa kati ya ƙare ba su kira kowa ba, ana cire musu kuɗin waƙar kira da ba su nema ba, saƙon talla dare da rana. Kukan gaskiya ne, ita ma gyatumata an yi mata. Ya ce in ƙara sashe ɗaya, hukumar ta zama ta sufuri da sadarwa, ta riƙa cin tarar kamfanonin waya.

Na san ba zai yiwu ba. Gyaran ya taɓa dogo da lantarki da gidajen gyaran hali, amma tarho na nan daram a jerin Tarayya, kuma dokar sadarwa ta 2003 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ba wannan hurumi. Na faɗa masa. A bakin ƙofar motarsa na faɗa, yana shirin shiga, direba ya riga ya tayar.

"Ranka ya daɗe, wannan sashen ba hurumin jiha ba ne."

"Malam, kai dai rubuta. Siyasar ka bar mana."

Na rubuta.

Ranar jin ra'ayin jama'a zaure ya cika, ga 'yan jarida. Wani lauya ya miƙe da kundin tsarin mulki a hannu, ya karanto wurin a natse, bai ko ɗaga murya ba. Honorabul ya ja makirufo ya ce kuskuren ma'aikata ne, kuma za a hukunta wanda ya yi. Ina zaune a bayansa riƙe da fayil ɗinsa. Duk wanda ke zauren ya san wa ake nufi.

Washegari takardar tuhuma ta iske ni, a ba da amsa cikin awa 24. Na je wurin babbanmu na zayyana masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe, na kuma ga alama ya gaskata ni, sannan ya ce: "Ina takarda?" Babu. Maganar bakin mota iska ta ɗauke. Ƙarin girmana ya tsaya shekara guda. Wannan na haɗiye. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne an janye ƙudurin gaba ɗaya don kunya, har da sassan dogon da ba wanda ya kushe, kuma bai sake dawowa zaure ba.

Ba na wanke kaina. Na san gaskiya, tsoron a jefa ni wani sashe ya sa na yi shiru bayan faɗa sau ɗaya. Amma wanda ya ba da umurnin ya san shi ya bayar, kuma har na bar ofis bai taɓa kirana gefe ya ce mini ko da "yi haƙuri" ba.

Don haka duk shawarar da kuka ba ɗan majalisa, ku rubuta ta. Rabin shafi ya isa, da kwanan wata, kwafi biyu, sakatare ya buga hatimin karɓa. A Janairun 2025, da NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, wani ɗan majalisa ya zo mini da irin wancan tunanin. Na rubuta masa cewa ba hurumin jiha ba ne. Mako biyu bai amsa gaisuwata ba, amma maganar ta shiga zaure a matsayin kira ga hukumomin Tarayya, ta wuce ba wanda ya ji kunya.

Sauran kaɗan ne. Ku buɗe tsarin mulki da kanku, kada ku dogara da abin da aka ce an gyara. In ɗan mazaɓa ya zo da kukan waya, ku nuna masa lambar 622 ta kai ƙara ga NCC da 2442 ta tsayar da saƙon talla, kada ya koma hannu rabbana. In mai gida na son ya taɓa kamfanonin waya, ƙofar jiha ita ce kuɗin haƙa hanyar shimfiɗa wayar intanet, wanda Kaduna ta yafe a 2020. Kada ku raina masinja, ya fi ku sanin inda fayil ya kwana.

Ƙudurin dogon yana durowa ta biyu, a koren fayil. Na cire wancan sashen, na gyara lambobin sauran. Wanda ya gaji teburin ya duba sashen diyya da kyau kafin ya nuna wa kowa, don farashin filaye ya canza tun lokacin.