Asabar, da warin kofi a hannuna

Sanyin yau ya fi na jiya. Bayan asuba na tsoma ma'aunin zafi cikin randa, 16 ya nuna, alhali wankin fim 20 yake so. Sani da ke Kano kullum kukansa ƙanƙara, sai ya saya ya zuba kafin ya fara. Mu a Jos a watan nan sai dai mu surka da ruwan zafi kamar za a yi wa jariri wanka.

To, yau dai na wanke fim ɗin sunan gidan Yaya Binta. Masu damuna da "yaushe, yaushe" sai ku shafa mini lafiya.

Da kofi na wanke shi, maimakon sinadarin wankin fim da aka saba. Kowace lita giram 54 na soda, 16 na bitamin C, 40 na Nescafé, a bi su a jere haka, kowanne ya narke kafin a zuba na gaba. Lita biyu na haɗa don fim ya nitse sosai. Sodar ta yin kek ce, tun jiya da dare na soya ta a busasshiyar tukunya, don sai ta sha wuta take komawa mai ƙarfin da ake so. Raina na ta raya mini in gwada kanwa wata rana, tunda dangi ne, amma ba a kan fim ɗin suna ba. Bitamin ɗin kuwa farin nan ne mai miligiram 100, ku yi lissafi da kanku: ƙwaya 320. Yaron kemis ya dube ni ya ce, "Oga, mura ce ta kama unguwar gaba ɗaya?" Na daka a ƙaramin turmi, na jiƙa, na tace da tsohon ɗankwali.

Warin fa! Maman Hanifa ta leƙo ta toshe hanci ta ce, "Abban Hanifa, wannan ko mushe. Kuma bokitina ne." Nata ne, ban musa ba.

Na shiga sito, na rataya bargo biyu a ƙofa, na cusa tsumma ta ƙasa, na tsaya har idona ya tabbatar ba ko ɗigon haske. Fim ɗin Tri-X ne na Kodak, Super 8, mai ɗaukar hoto mai motsi, ɗan baƙin akwatin nan da bai sauya siffa ba tun 1965. Ƙafa 50 ne a ciki, wajen mita 15, hotuna kusan 3,600, kowanne bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. In kyamara na cin 18 a daƙiƙa, minti 3 da daƙiƙa 20 ke nan, ya ƙare. Na zaro shi da lalube na tara a bokiti kamar taliya. Masu hali suna da tankin Lomo na zamanin Tarayyar Sobiyet, wanda ake naɗe fim a faifai kada ya taɓa juna. Namu na bokiti dole ya fito da zane-zane, na daina jin haushin hakan. Minti 15 ina juyawa da safar hannu cikin duhu, Hanifa na bakin ƙofa da wayata tana kira mini minti-minti, tana ƙarawa da "Abba, ba ka jin tsoro?" Na ɗauraye, na zuba fiksa, ruwan da ke zaunar da hoto kada haske ya ɓata shi, wadda Baba mai hoto na wajen Taminus ya sammini, sannan na kunna fitila.

Ya fito. Wallahi sai da na yi tsalle ni kaɗai a sito.

Nagatif ne, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, ba wanda za a saka a majigi kai tsaye ba. An yi fim ɗin don ya fito daidai, amma wannan sai an bi ta ruwan famanganet da asid, a haska shi, a sake wankewa, ni kuwa ba zan ajiye asid a gidan da yara ke yawo ba. In ya bushe zan ɗauke shi gida-gida, wato hoto-hoto, in juya shi a kwamfuta. Na yayyafa ruwa a falo saboda ƙura, na rufe tagogi, na shanya shi a igiya, ya je ya dawo har sau huɗu.

Bayan azahar Hajiya, mahaifiyata, ta shigo. Ta tsaya ta ɗaga kai ta ce, "Wannan kuma shanyar mene ce?" Na ce fim ɗin suna ne. Ta ce, "Irin na majigi?" Sai ta hau ba mu labarin motar majigi da ke zuwa suna yara, a kafa farin ƙyalle a fili bayan isha, gari ya taru, su ana kora su gida suna komowa ta baya. Ban daɗe da jin ta saki baki haka ba.

Ta sa tabarau. Na ba ta gilashin ƙara girma, na riƙe mata tocila ta bayan fim ɗin. Da farko dariya take. "La ilaha illallahu, ka mai da mu fatalwa! Fuska fara, haƙora baƙi." Farar rigar liman ta koma baƙa ƙirin. Ta gane Kawu da hularsa, ta gane wanzami, ta gane Yaya Binta da goyo. Daga nan ta yi shiru, tana bin igiya taku-taku, ni ina binta da tocila. Ta kai ƙarshen layin farko, ta juya na biyu. Tun ban gane ba har na gane abin da take nema.

Ku da kuka san Hajiya kun san ba za ta tambaya ba. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, bare ta ce "ina nawa hoton?" Kuma ranar sunan ita ce da bakinta ta kore ni, na nufo ta da kyamara ta ja mayafi ta ce, "Kai, tafi can da abin nan naka." Na ce to, na tafi. Ina ganin biyayya na yi.

A layi na uku ta tsaya. Hannu ne kawai, yana zuba kunu daga ludayi cikin kofi. Lallen da ke yatsun ya fito fari tas, zoben ya fito baƙi. Ta daɗe a wurin. Ta ce, "Wannan zoben ai irin nawa ne." Na ce, "Naki ne, Hajiya." Ta ce, "Uhm." Ta cire tabarau ta ce, "Ya yi kyau. Ragon ya fito sosai."

Bayan ta shiga wajen Maman Hanifa na ƙirga inda hannun nata ya fito. Gida 36. Daƙiƙa biyu. A jikin fim bai cika taƙi ɗaya ba. Rago kuwa, daga ɗaure zuwa fiɗa, ya ci kusan daƙiƙa 40. Tantabarun maƙwabta sun samu nasu, tururin tukunyar shinkafa ya samu, har duwatsun bayan gida, waɗanda ba inda za su, sun samu.

Kullum in aka ce me ya sa ba na ɗauka da waya in huta, amsata ɗaya ce: wannan azurfa ce a jikin fim, in an wanke da kyau an adana, sai ya wuce mai shi. Har misali nake kawowa da Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, wanda aka ɗauka ya ɓata, sai ga shi an gano faya-fayansa, Jamusawa suka gyara, aka nuna a Balin a 2018. Ina faɗa da alfahari, tunda hedikwatar hukumar fina-finai ta ƙasa ma a garinmu take. Sai ga ni na tashi adana tarihin gida na adana rago.

Shin korar da ta yi mini kora ce, ko kara ce irin tasu, ta "ci abinci" "a'a na ƙoshi", wadda sai an maimaita sau uku? Shekarata nawa a gabanta, amma na kasa rabewa. Na tambayi Maman Hanifa da daddare, ta ce, "Kai ma ka sani." Ta juya ta ja bargo.

An ɗauke wuta tun magariba. Ƙura ta ɗan manne a ƙafa biyun ƙarshe. Hanifa na neman ladan ƙirga minti, na yi mata alkawarin awara.

Saura akwatin fim ɗaya a firji, wanda na ɓoye don hawan Dutsen Shere. Hajiya gobe da safe za ta Bauchi wajen Inna, ta ce sai bayan sati biyu. Bokitin na jiƙa shi da omo tun la'asar, har yanzu yana wari.