Baƙin lambobi a wayata

Tun da na fara tallar turaren wuta a WhatsApp, lambata ta bazu a Damagaram. Mai saye ta ba ƙanwarta, ita kuma ta tura wa wata a Zango, sai in wayi gari an jefa ni cikin guruf ɗin da ban san mai shi ba.

Ba na toshe mutum don lambarsa baƙuwa ce, ai daga baƙi cinikina yake zuwa. Mai farawa da +234 ma ba ta ba ni tsoro, dangin maigidana da yawa suna Kano da Daura. Maganar farko nake dubawa. Mai son turare yakan yi sallama, ya faɗi wanda ya ba shi lambata, ya tambayi kuɗin kwalba. Wanda ya buɗe baki da "Hajiya, turo hotonki", ko ya ce na ci kyautar jaka ɗari, nan take nake toshe shi.

Masu roƙon lambobi shida da WhatsApp ke aikowa ta saƙon waya su suka fi ƙona mini rai. Goggona a Birni ta karanta wa wani su, ya ƙwace mata WhatsApp ɗin, ya bi 'yan'uwa yana roƙon kuɗin magani da sunanta. Na ce mata, "Goggo, waɗannan lambobin ko ni kada ki ba."

Maganar guruf kuwa, tun 2019 ana iya zaɓar masu ikon saka mutum. A saitin WhatsApp na shiga Confidentialité (sashen sirri), sannan Groupes, na zaɓi Mes contacts, wato masu lambobin da na ajiye a wayata. Yanzu baƙo sai dai ya aiko gayyata, in duba in ga ko zan shiga.