Tambayoyi Goma Sha Ɗaya da Aka Dawo Mini da Su

Kuɗin farko da rubutu ya kawo mini, na tambayoyin gwaji ne guda hamsin na jarrabawar CCNA ta kamfanin Cisco, wato jarrabawar shaidar ƙwarewa a haɗa hanyoyin sadarwar kwamfuta. Wani kamfanin koyarwa na ƙetare ne ya ba ni aikin ta Upwork, shafin intanet da ake samun aikin kwangila daga nesa. Lokacin ina gyaran kwamfuta a ɗan shago kusa da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, CCNA ɗin ma sai a zama na biyu na haye. Na ɗauka Turanci ne zai wahalar da ni. Ashe ba nan gizo ke saƙar ba.

Edita ya dawo mini da tambayoyi goma sha ɗaya. Amsoshina daidai suke, amsoshin bogin da ake jerawa tare da ta gaskiya don ɗalibi ya zaɓa ne ba su yi masa ba. Ga misali: an raba hanyar sadarwa da /26 (alamar da ke nuna yawan adireshin da yankin ya ƙunsa), na'ura nawa za ta ɗauka? Amsa 62 ce. Ni kuwa na jera 10 da 500 da 1000 a gefenta, wanda ko makaho ya san ba su ba ne. Abin da ake so shi ne a sa 64, wato jimillar adireshin, domin mai gaggawa yakan manta a cire adireshi biyu, na farko da na ƙarshe. A sa 30 da 126 saboda wanda ya zame layi ɗaya sama ko ƙasa a jadawalin, ya ɗauki /27 ko /25. Kowace amsar bogi sai ta zama kuskuren da ɗalibi na gaske yake yi. Nan faɗuwata ta farko ta yi mini rana, don duk ramukan nan na taɓa afka musu.

Wani abin da ba a gaya mini ba shi ne rubutun wannan fanni yana tsufa kamar burodi. A Fabrairun 2020 Cisco ya haɗe rassan CCNA ya mayar da su jarrabawa ɗaya, 200-301. A Janairun 2021 Microsoft ya rufe shaidun ƙwarewarsa na MCSA da MCSE. Kamfanin CompTIA kuma kusan duk shekara uku sai ya sabunta jarrabawarsa ta A+. Ina da maƙaloli a kan MCSA da na kwana ina rubutawa, yau ko kyauta babu mai nema. Shi ya sa kafin in amsa kowane aiki nake sauko da jerin manufofin jarrabawar daga shafin masu ita, in duba lambarta tukuna.

Ba na rubuta umarnin da ban buga da hannuna a Packet Tracer, manhajar Cisco ta kwaikwayon hanyar sadarwa, ba, ko da wuta ta ɗauke sai na ja kwamfuta zuwa wurin mai caji. Kuɗi dai ta Payoneer, manhajar karɓar kuɗi daga ƙetare, suke shigowa, wani watan da auki, wani watan shiru.

Har yanzu ana yi mini waya: "Yallaɓai, ba ka da ainihin tambayoyin da suke fitowa?" Wani ma daga waje ya taɓa yi mini tayin ninki uku in rubuto abin da na gani a ɗakin jarrabawa. Duk wanda ya zauna a cibiyar Pearson VUE, inda ake rubuta jarrabawar, ya san sai ka amince ba za ka fitar da tambayoyi ba kafin a buɗe maka ta farko, kuma in an kama ka ana iya ƙwace shaidar. Na ce wa mai tayin Allah ya ba da kasuwa. A makon nan kuwa kuɗin hayar shago nake nema.