Takalmi ɗaya, ƙafafu daban-daban: abin da na koya kafin in bar ƙungiya

A ƙarshen wannan kakar tsere na miƙa makullin ɗakin kaya, na bar ƙungiyarmu ta 'yan gudun dawa. Waɗanda muka yi aiki tare sun san matsayina: ni ke auna ƙafa, ni ke zaɓa wa kowane ɗan gudu takalmi, ni ke shirya jakunkunan da ake ajiyewa a zangunan tsere. Abin da ya tsaya mini a rai daga duk wannan shi ne maganar takalmin kabon, da yadda babban kocinmu ya tafiyar da ita, da abin da ya yi mini bayanta.

Maganar ta faro ne lokacin da wani kamfanin takalma ya amince ya ɗauki nauyinmu. Sabon takalminsu na gudun dawa mai farantin kabon, wato siririn faranti mai tauri da ake sawa a cikin ƙasan takalmi, ya fito, suna so a gan shi a ƙafar 'yan wasa. Koci ya tara mu ya ce daga yanzu kowa da shi zai shiga tsere, daga mai kilomita 50 har mai mil 100. Hujjarsa ɗaya ce, ya yi ta nanata ta har kowa ya haddace: kashi 4 cikin 100.

Na san inda lambar ta fito, shi ya sa ta dame ni. A 2017 Nike ta fitar da takalminta mai farantin kabon, Vaporfly, sai Wouter Hoogkamer da abokan aikinsa a Jami'ar Colorado ta Amurka suka gwada shi, suka gano yana rage ƙarfin da jiki ke ƙonawa da kusan kashi 4. Gaskiya ne. Amma ƙwararrun 'yan gudu aka gwada, a kan injin gudu shimfiɗaɗɗe, cikin saurin kilomita 14, 16 da 18 a awa, na 'yan mintuna kawai. Da Eliud Kipchoge ya gama gudun fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna a 2019, duniya ta ƙara yarda, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka a 2020 cewa kaurin takalmin titi kada ya wuce milimita 40, faranti kuma ɗaya tak. Duk wannan labarin kwalta ne.

Mu kuwa ba a kwalta muke ba. Ɗauki tseren UTMB da ke zagaye tsaunin Mont Blanc ta Faransa da Italiya da Suwizalan: kusan kilomita 170, hawa kusan mita 10,000. Namijin da ya lashe shi yakan ɗauki kusan awa 20, wato matsakaicin saurinsa bai kai kilomita 9 a awa ba. Wanda ya shigo daf da cikar wa'adin kusan awa 46 da rabi kuwa bai kai kilomita 4 a awa ba. Yawancin 'yan ƙungiyarmu sun fi kusa da na biyun. Rabin hanyarsu tafiya ce da sanduna, suna haki a kan hawa. Faranti yana aiki ne idan ƙafa ta sauka da ƙarfi a ƙasa mai daidai, ta mirgina gaba da sauri. Binciken Dustin Joubert da abokansa ya nuna cewa a saurin kilomita 10 zuwa 12 a awa ribar ta sauko zuwa wajen kashi 1, kuma wasu daga cikin waɗanda aka gwada ba su ci wata riba ba. Sannan Hoogkamer da kansa, tare da Laura Healey, sun yayyanka farantin Vaporfly don ya daina tauri, suka sake gwaji, bambancin bai taka kara ya karya ba. Abin da wannan ke nunawa shi ne, soson da ke ƙasan takalmin, mai sauƙi da maido da ƙarfi, yana da babban kaso a cikin aikin da ake jingina wa kabon.

Abin da ya fi damuna ma ba ƙarancin ribar ba ne. Faranti mai tauri ba ya murɗewa. Idan ka taka dutse da gefen ƙafa a takalmi mai laushi, takalmin zai lanƙwashe ya rungumi dutsen, tafin ƙafarka ya ji abin da ke ƙasa ya gyara kansa. Idan farantin guda ne mai faɗi, takalmin gaba ɗaya zai karkata, kuma idon sawu ne zai biya. Ƙara masa soso mai tsayi da taushi, ka ɗaga mutum sama da ƙasa a kan abin da ke lilo. Da safe, ƙafa da ƙarfinta, jiki yana iya gyara wannan ba tare da ka sani ba. Bayan awa 15, cikin dare, da fitilar goshi, cinyoyi sun mutu da gangare, babu sauran mai gyarawa. Kamfanonin ma sun san da haka. Shi ya sa Hoka ta raba farantin Tecton X gida biyu a jere tun fitowarsa a 2022, don kowane ɓangare ya motsa da kansa, wasu kuma suka tsaga nasu a gaba kamar yatsu. Farantin namu guda ne, mai tauri, haƙoran ƙasan takalmin masu kama ƙasa gajeru, gabansa matsattse.

Ban taɓa cewa kabon ba shi da amfani a dawa ba, kuma ina so wannan ya fito fili domin daga baya an ce na faɗa. Jim Walmsley ya lashe UTMB a 2023 da takalmin Hoka mai kabon. Amma a 2022 Kilian Jornet ya lashe shi ƙasa da awa 20 da takalmin NNormal marar faranti, Courtney Dauwalter kuma ta lashe na mata a 2023 da takalmin Salomon marar kabon. A hanya irin ta tseren Western States a California, mil 100 mai yawan wuraren da ake iya sakin gudu, ɗan wasa mai sauri da ƙafa mai ƙarfi zai iya cin moriyarsa sosai. Abin da na rubuta wa koci ke nan. Na kasa 'yan wasanmu biyu: waɗanda takalmin zai yi wa amfani, da waɗanda nake tsoron zai cutar, kowa da dalilinsa a gaban sunansa. Na kuma nuna cewa kamfanin yana da wani takalmin dawa marar faranti, don haka yarjejeniya ba za ta karye ba.

Na kai masa takardar ofis, na ce, "Yallabai, ba ƙin takalmin nake yi ba. A bar waɗannan su zaɓa tsakanin biyun, tambarin ai ɗaya ne."

Ya duba shafin farko ya ture ta gefe. "Malam, aikinka auna ƙafa ne. Ba a ɗauke ka don ka karanta mini takardun jami'a ba. Kamfani sabon yake so a gani."

Suna na farko a jerin waɗanda nake ji wa tsoro na wata yarinya ne, mafi haƙuri a cikinmu. Ƙafarta faɗi gare ta, kuma ta taɓa yin mummunan targaɗe a idon sawun hagu. Takalman sun iso 'yan makonni kafin tseren kilomita 100 da ta daɗe tana shiri dominsa, hanya mai duwatsu da gangare masu tsanani. Tun a atisaye ta ce agararta na ja, ƙananan yatsunta na ƙuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma koci ya yi kunnen ƙashi, ya ce sabo ne kawai. Ana gobe tsere ta same ni a ɗakin kaya ta ce, "Yaya, don Allah ka sa mini tsohon takalmina a jakar zangon tsakiya. Idan abin ya gagara sai in canza." Na sa. Da dare koci ya bi jakunkuna ɗaya bayan ɗaya, ya ga tambarin wani kamfani, ya cire shi. Bai gaya mata ba, ni ma bai gaya mini ba.

An yi ruwa a daren tseren. Ta iso zangon tsakiya ƙafafu sun kumbura, ta buɗe jaka ta tarar da safa da abinci kawai. Ta ɗaure igiya ta ci gaba. A wani gangare bayan kilomita 70 takalmin ya zame a jiƙaƙƙen dutse, ya karkata da ita, wannan idon sawun na hagu ya sake tafiya. Masu ceto ne suka sauko da ita. Wasu biyu daga jerin nawa sun gama, ɗaya ba farce biyu, ɗayan kuma sha-raɓarsa ta ɗaure har ya kwashe makonni bai yi gudu ba. Ɗaya daga cikin waɗanda na ce takalmin zai yi wa amfani ya yi lokaci mafi kyau a rayuwarsa, kuma hotonsa ne ya shiga talla.

A zaman kwamiti aka shafa mini kashin kaji. Koci ya ce mai kula da kaya ne ya ba ta lambar da ta yi mata kaɗan, kuma bai tabbatar ta saba da takalmin ba. Na fito da kwafin takardata mai kwanan wata. Ya karanta ta a gaban kowa kamar ranar ya fara ganinta, ya ɗago ya ce, "To ai ba ka ja hankalina sosai ba." Maganar jakar kuwa, ya ce bin ƙa'idar yarjejeniya ya yi. Babu wanda ya tambaye shi dalilin da ya sa bai sanar da yarinyar ba. An rufe zaman da cewa kuskure ne na kowa da kowa, aka rubuta mini gargaɗi ni kaɗai. Na ƙi sa hannu a kansa, kuma har yau ban yi nadama ba.

Da na je duba ta, ƙafa a ɗaure, abin da ta fara ce mini shi ne, "Yaya, ai ka faɗa." Wannan maganar ba ta sanyaya mini rai ba ko kaɗan. Na fi son a ce na yi kuskure ta gama tserenta.

Sauran abubuwan da aikin ya koya mini ba su da tsawo. Ƙafa tana kumbura a doguwar tafiya, don haka da yamma nake aunawa, bayan gudu, da safar da za a sa ranar tsere, in bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba. Haƙoran takalmi da irin robarsa sun fi faranti muhimmanci duk ranar da aka yi ruwa. Gajerun haƙora na busasshiyar hanya ne, laka tana son milimita 5 ko fiye. Farantin da ake sawa don kare tafin ƙafa daga tsinin dutse daban yake da farantin tura mutum gaba, kada mai sayarwa ya haɗa maka su. Takalmi mai tauri yana sauya inda nauyi ke sauka a ƙafa, shi ya sa ake shiga shi sannu a hankali. A 2023 Adam Tenforde da wasu likitoci sun ba da rahoton 'yan gudu 5 da suka samu rauni a wani ƙashin tsakiyar ƙafa suna amfani da takalman kabon, kuma ko da yake adadin kaɗan ne, ya isa mutum ya yi hattara. Gwajin gaskiya ba zagaye fili ba ne: sai an yi dogon gudu da shi, a irin hanyar tseren, har a sauko gangare da gajiyayyun ƙafafu. Kuma ba laifi ba ne a fara da kabon inda hanya ta miƙe, a canza zuwa mai laushi da faɗi idan dare ya yi.

Ita yarinyar ta warke, ta bar ƙungiyar kafin ni. Bana ta koma wannan tseren da kanta, da takalmi marar faranti wanda muka zaɓa tare, ta gama cikin wa'adi. Kocin yana nan a kujerarsa, yarjejeniyar ma an sabunta ta. Kwanakin baya wanda ya gaje ni ya kira ni, ya ce sabon samfuri ya iso, an sake cewa kowa da shi zai shiga, yana tambaya ko akwai dabarar da zai bi. Na ce masa ya rubuta ra'ayinsa ɗan wasa bayan ɗan wasa, ya sa kwanan wata, ya aika wa kwamiti kwafi a ranar da ya kai wa koci, sannan a daren tsere ya zama shi ne mutum na ƙarshe da zai taɓa jakunkunan.