Na je Maiurno da Larabci a baki

Shekara biyu ina digiri na biyu a tarihi a Khartum, ba wanda ya taɓa jin Hausa a bakina. Duk Bahaushen da ya tashi a Wad Madani ya san dalili: da an ce maka "Fallata", sunan da ake kiran 'yan asalin Afirka ta Yamma a Sudan, saura a tambaye ka takardar jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa.

Abin da na so bincika shi ne hijirar mutanen Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, da yadda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin Maiurno a bakin kogin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Malamin da ke duba aikina ko shafi na biyu bai buɗe ba. Ya ce hirar tsofaffi ba tarihi ba ce, in tafi Darul Wasa'iƙ, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, in karanta rahotannin Turawa. Na ce to, Dakta. Wata bakwai ban sake nuna wa kowa rubutuna ba, don gudun a kushe.

Da na je Maiurno sai na tafka wautar da har yau nake jin kunyarta. Na riƙe takardar tambayoyi da Larabci, ta farko ma wai daga ina kakanninka suka zo. Ni da na fi kowa sanin zafin wannan tambaya! Kwana uku ana ba ni shayi, ana ce mini Allah ne masani. Ran na huɗu wani dattijo ya karkata ga na kusa da shi ya ce da Hausa, "A yi hattara da yaron nan, na gwamnati ne."

Ban san sa'ad da na ce, "Baba, wallahi kakana daga Haɗeja ya taso da ƙafa" ba.

Ya daɗe yana kallona. "To ɗan nan, me ya sa ka wahalar da mu?" Bayan la'asar ya fito da wasiƙun ajami daga cikin gafaka, ya kuma haɗa ni da wata tsohuwa mai waƙoƙin hijira a ka.

Babban darasin da na koya ke nan: ka je wa mutane da harshensu. Sauran darussan ƙanana ne: nuna rubutunka tun yana ɗanye, kuma in mutum ɗaya ya ƙi, gaishe shi ka ƙwanƙwasa ƙofar gaba.

Ranar kare kundin, Dakta ya shaida wa kwamiti cewa shi ya ba ni shawarar zuwa Maiurno. Na dubi ƙasa, na yi masa godiya.